Guntun Muƙamuƙi da Ƙaton Dodo: Kwana Biyu a Patagoniya

Motar da ta ɗauko ni daga birnin Neuquén ta kama hanyar kudu maso yamma tun rana ba ta yi zafi ba, kuma kafin mu yi nisa gine-gine da lambunan bakin kogin Limay suka ƙare, aka bar mu da fili fetal mai jar ƙasa da gajerun ƙayoyi, ga iskar Patagoniya tana dukan gilashi ba ƙaƙƙautawa. A aljihuna akwai tef ɗin awo na mita biyar, a jakata kuma akwai wani ƙaramin littafi da na shafe watanni ina tara lambobi a cikinsa. Lambobin duk na dabba ɗaya ne, wato Giganotosaurus, ƙaton dainoso mai cin nama da ya rayu a wannan yanki na Ajantina shekara miliyan 95 zuwa 100 da suka wuce, amma da ƙyar za ka sami biyu a cikinsu da suka zo daidai. Wani wuri an ce tsawonsa mita 12, wani wuri 13 da 'yan kai, a intanet kuwa na sha cin karo da masu rantsuwa cewa ya haura 14. Nauyinsa ma haka, ya taso daga tan 6, ya bi ta 8, har ya kusa taɓa 14. Dabbar da ta riga ta mutu ba ta ƙara girma, saboda haka na san cewa idan akwai abin da ke miƙewa yana tsukewa, to a hannun masu awon yake, kuma na ƙudurta in je in ga ƙasusuwan da idona, tunda gani ya kori ji.

Villa El Chocón, garin da na nufa, na da nisan kilomita 80 ko kusa da haka daga Neuquén. Ƙaramin gari ne da aka gina wa ma'aikata lokacin da aka datse kogin Limay domin samar da lantarki, kuma ruwan da ya taru a bayan madatsar ya zama makeken tafki wanda jajayen duwatsu suka yi wa zobe. A cikin kwazazzaban da ke kusa da garin ne wani makanike mai sha'awar neman burbushin halittu, Rubén Carolini, ya ci karo da ƙashin ƙwaurin wata babbar dabba a shekarar 1993, yana yawo a 'yar motarsa ta shiga rairayi. Masana suka zo suka haƙo sauran, kuma a 1995 Rodolfo Coria da Leonardo Salgado suka bayyana dabbar ga duniya da sunan Giganotosaurus carolinii, ma'ana ƙaton ƙadangaren kudu na Carolini.

Gidan tarihin garin, wanda ke ɗauke da sunan Ernesto Bachmann, ba wani babban gini ba ne, amma ya yi abin da na daɗe ina fatan gani: ya shimfiɗa ainihin ƙasusuwan a kan rairayi, a ƙasa, tare da irin kayan aikin da aka yi haƙar da su, ba tare da an ɗaga su an tsayar da dodo mai buɗaɗɗen baki ba. Na tsuguna a bakin shingen na daɗe ina kallo. Launinsu ya yi duhu kamar tsohon ƙarfen da ya sha ƙasa, duk jikinsu tsaga ce da aka liƙe, kuma a kwance suna da wani irin kwarjini na shiru wanda hoto ba ya iya ɗaukowa. Ƙashin cinya shi ya fi jan idona, domin da za a tayar da shi tsaye da ya kai wa babban mutum ƙirji. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne guraben da babu komai, inda rairayi ne kawai. An samu kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙwarangwal ɗin, wanda a wannan fage babban rabo ne, sai dai hannuwa ba su fito ba, ƙoƙon kan kuma a warwatse aka tsince shi, guntu nan guntu can, a fili mai faɗin murabba'in mita 10 ko kusa da haka.

Masu bayanin farko sun ba da lambobi masu kamun kai: tsawo mita 12.5, nauyi tan 6 zuwa 8, ƙoƙon kai mita 1.53, ƙashin cinya mita 1.43. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ta tayar da ƙura, domin ta nuna cewa cinyar ta ɗara ta Sue, shahararren ƙwarangwal ɗin Tyrannosaurus rex na Amurka, dainoson da ake ɗauka sarkin masu cin nama, da santimita 5 kacal. Santimita 5 bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba, amma ya ishi jaridun duniya su sanar cewa an sauke sarki daga gadonsa. Abin dariya a nan shi ne, a 2012 Matthew Carrano da abokan aikinsa sun sake auna ƙashin cinyar nan da nake kallo suka sami mita 1.365. Ƙashi ne guda, a kwance, ba ya motsi, amma awo biyu suka saɓa da fiye da santimita 6, watau fiye da ratar da aka naɗa sabon sarki a kanta. Ba sai an zargi kowa da ƙarya ba, domin ƙashi ba katako ba ne mai miƙaƙƙen gefe. Yana da kai a karkace da dunƙule-dunƙule a gindi, nauyin ƙasa ya danne shi shekaru aru-aru, kuma inda mai awo ya aza bakin tef ɗinsa shi zai yanke abin da zai karanta.

A ɗaki na gaba an tsayar da kwafin ƙwarangwal ɗin cikakke, an cike duk guraben, kuma a nan ne mutane suka fi taruwa suna ɗaukar hoto. Ban ga laifinsu ba, ni ma sai da gabana ya faɗi da na tsaya a ƙarƙashin haƙoran. Sai dai wanda ya fito daga ɗakin rairayi yana shiga wannan da wani ido daban, yana tambayar kansa wane sashe ne aka kwafo daga ƙashi, wane ne kuma aka ƙera daga tunani. Kan dabbar shi ne inda tambayar ta fi nauyi. Da yake wuraren da ƙasusuwan kai ke haɗuwa da juna da yawa sun lalace, mai haɗa su yana da sararin da zai matso da su ko ya nisanta su, kuma kowane ɗan nisantawa ƙarin tsawo ne. Haka kan ya tashi daga mita 1.53 ya koma 1.80 a 1998, sannan Coria da Philip Currie suka dawo da shi 1.60 a 2002. An shafe shekaru ana wannan ja-in-ja kafin ƙasar yankin ta ba da wani ɗan'uwansa, Meraxes, wanda aka bayyana a 2022, mai ƙoƙon kai kusan cikakke na mita 1.27, kuma a wannan gidan tarihi ake ajiye da shi. Da aka kwatanta da nasa, sai lissafi ya nuna kan Giganotosaurus bai wuce mita 1.6 da ɗan ɗoriya ba. Har yanzu ƙaton kai ne, cikin mafiya girma da aka sani a jinsin masu cin nama, amma dogon kan nan mai kama da kwale-kwale da aka saba gani a zane-zane ya ragu da kusan taƙi guda.

Na taka tsawon kwafin daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ina ƙirga sawu, na kuma gane da kaina cewa kalmar tsawo ita ma tana da harshen damo. Shin a miƙe za a auna daga baki zuwa wutsiya, ko kuwa za a bi lanƙwasar wuya da ta baya? Sannan tsakanin kowace gaɓa ta ƙashin baya da ta kusa da ita akwai guringuntsi, wanda ba ya zama dutse, ya ruɓe tun da daɗewa. Irin waɗannan dabbobi suna da gaɓoɓi kusan 70 daga wuya zuwa ƙarshen jela, saboda haka wanda ya ƙara santimita ɗaya tak a kowane tsakani ya ƙara wa dabbar kusan santimita 70 ba tare da ya taɓa ƙashi ko ɗaya ba. Wutsiya kuwa, wadda ke cin kusan rabin tsawon jiki, da wuya a same ta cikakkiya, domin ƙananan gaɓoɓin ƙarshenta su ne ruwa ke fara kwashewa.

Da rana ta karkata sai na gangara bakin tafkin, na nemi wuri mai laushin ƙasa, na ciro tef ɗina na ja layi mai tsawon santimita 61. Tsawonsa bai fi daga gwiwar hannuna zuwa 'yan yatsu da ɗan ƙari ba, kuma da na miƙe tsaye na dube shi sai ya zama abin tausayi a tsakiyar wannan fili. To wannan layi shi ne dukan abin da ake da shi na Giganotosaurus na biyu, wanda ake kira mafi girma. Guntun muƙamuƙin ƙasa ne na ɓangaren hagu, wanda aka gano a 1987, tun kafin a san dabbar da suna, kuma Jorge Calvo da Coria suka bayyana shi a 1998. Suka kwatanta shi da na ƙwarangwal ɗin farko suka ga ya ɗara shi da kashi 8 cikin 100, daga nan kuma lissafin kashi ya karɓi ragama daga hannun ƙashi.

Na zauna a kan dutse na bi lissafin da biro, domin in ga yadda allura ke tono garma. An ɗauki kai mai mita 1.80, wanda shi kansa ƙiyasi ne da daga baya aka janye, aka ƙara masa kashi 8, sai ga mita 1.95, kan da babu dainoso mai cin naman da aka taɓa sani da irinsa. An ɗauki tsawon jiki aka yi masa haka, sai ya haura mita 13. Amma a nauyi ne abin ya fi ban mamaki, domin jiki ba ta gefe ɗaya yake girma ba. Idan dabba ta ƙaru da kashi 8 a tsawo, ta ƙaru haka a faɗi da kuma tsayi, don haka sai a ninka 1.08 sau uku a kanta, abin da ke ba da ƙarin kashi 26 cikin 100. Shi ya sa binciken da Gerardo Mazzetta da abokansa suka fitar a 2004, wanda ya ba ƙwarangwal ɗin farko tan 6.5, ya ba mai muƙamuƙin tan 8.2. Kusan tan biyu na nama da tsoka da hanji sun fito ne daga bambancin da bai kai santimita 5 ba a jikin guntun ƙashi ɗaya.

Dukan ginin ya tsaya a kan zato guda, cewa idan muƙamuƙi ya fi girma to komai na jikin ya fi girma daidai gwargwado. Kowa ya san ba haka halitta take ba. A cikin 'yan'uwa ciki ɗaya ana samun mai faɗin haɓa wanda ƙaninsa ya fi shi tsawo, kuma telan da ya yanka wa mutum riga daga awon babban yatsansa ba zai ga laifin kowa ba idan rigar ta zo tana jan ƙasa. Scott Hartman, wanda ya shahara da zana ƙwarangwal ɗin dainoso bisa awo, ya rage bambancin zuwa kashi 6.5, ya sami mita 13.2, amma ya yi gargaɗin cewa mai yiwuwa dabbar ba ta fi ta farko girma ba, ƙila dai ta fi ta ƙarfin muƙamuƙi ne kawai. Gargaɗin nan shi ne abin da ke zubewa a hanya duk lokacin da aka kwafi lambar daga wannan shafi zuwa wancan.

Ina cikin wannan lissafi wani saurayi da na gani a gidan tarihin ya tsaya yana kallon layin da na ja, kuma da ɗan Ingilishin da muke da shi muka fahimci juna. Da ya ji abin da layin ke nufi bai ji daɗi ba, amma nan take ya sami mafaka, ya ciro wayarsa ya nuna mini zanen Spinosaurus, wani dainoso mai cin nama, kusa da motar bas, an rubuta mita 18 a ƙasa. A ganinsa ko an rage wa dodon ƙasarsu tsawo, ai akwai wani a Afirka da babu mai taɓa shi. Na so in bar shi da farin cikinsa, amma labarin Spinosaurus ya fi na Giganotosaurus nuna wannan cuta, don haka na ba shi kamar yadda na sani.

An haƙo ƙasusuwan farko na Spinosaurus a dausayin Bahariya na Masar a 1912, Bajamushe Ernst Stromer ya bayyana su a 1915, sannan bama-baman jiragen Birtaniya suka ragargaza su a birnin Munik a watan Afrilun 1944, aka bar duniya da zane da 'yan hotuna. Dabbar da babu ƙasusuwanta kuwa tana girma yadda mai ba da labari ya so. A 2005 Cristiano Dal Sasso da abokan aikinsa suka bayyana wani dogon hanci da aka samo daga Maroko, wanda ke ajiye a Milan, tsawonsa bai cika mita ɗaya ba. Daga hancin suka kintaci kai mai mita 1.75, daga kan kuma suka kintaci jiki ta hanyar aron sigar Suchomimus, ɗan'uwansa da Paul Sereno ya bayyana a 1998 daga Gadufawa a hamadar Nijar, suka sami mita 16 zuwa 18. Tazara suka bayar, amma duniya ta riƙe 18 ta manta da 16, kamar yadda aka saba. Shekara biyu bayan haka François Therrien da Donald Henderson suka fitar da wata maƙala mai taken zolaya, wanda ma'anarsa ta yi kusa da nawa ya fi naka girma, ko kuwa a'a. Sun rage tsawon zuwa mita 12.6 zuwa 14.3, amma da yake daga tsawon kai suka lissafa nauyi, da ma'aunin da aka gina a kan dabbobi masu kaurin kai, sai siririn hancin Spinosaurus ya haifi tan 12 zuwa kusan 21. Ta wannan hanya ce kuma Giganotosaurus ya sami tan 13.8 ɗin da ke cikin littafina. Sai a 2014, da Nizar Ibrahim da tawagarsa suka bayyana wani ƙwarangwal daga Kem Kem a Maroko, aka ga cewa dabbar gajerun ƙafafun baya gare ta da siririn jiki, ba irin sigar da aka ara mata ba ce. Suka ce mita 15, a 2022 kuma Sereno da abokansa suka ce mita 14 da tan 7.4. Duk lokacin da aka sami ƙarin ƙashi, sai dodon ya ragu.

Saurayin ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko wannan na nufin masanan ba su san abin da suke yi ba. Na ce masa akasin haka ne, domin su ne suka rage lambobin da hannunsu da suka sami sabuwar shaida, kuma kusan kowace lamba da suka taɓa bayarwa ta zo da sharaɗi a gefenta. Ƙarin gishirin a hanya yake shiga: mai rubuta sanarwa ya ɗauki babbar lamba, ɗan jarida ya cike ta zuwa sama, mai fim ya ƙara nasa, mai gardama a intanet kuma ya ɗauki ƙashin yatsa guda ya gina masa dabba. Muka taka tare zuwa inda sawun dainoso suka fito a kan shimfiɗaɗɗen dutse a gaɓar tafkin, masu yatsu uku, wasu ruwa ya kwanta a cikinsu. Ko su ba a rasa mai ƙara musu girma, alhali duk wanda ya taɓa taka taɓo ya san sawu yakan fi ƙafa faɗi.

Washegari na nufi Plaza Huincul, garin man fetur da ke yamma da Neuquén, inda gidan tarihin Carmen Funes yake. Abin da ke cika ido a can shi ne kwafin Argentinosaurus, ƙaton mai cin ganye wanda mutum ke wucewa ta ƙarƙashin cikinsa ba tare da ya sunkuya ba, kuma shi ma daga ƙasusuwa ƙalilan aka gina shi, amma wannan wani zance ne. Ni Mapusaurus ya kai ni, ɗan'uwan Giganotosaurus na kusa, wanda Coria da Currie suka bayyana a 2006 bayan sun haƙo rami guda da ya tara ƙasusuwan aƙalla dabbobi bakwai, manya da ƙanana, a cakuɗe. Ramin irin wannan taska ce ga mai son sanin yadda jinsi ke bambanta a cikinsa, amma tarko ne ga mai neman zakara, domin babu yadda za a tabbatar wane ƙwauri ne na wace cinya. Daga ƙashin cinya mafi tsawo an sami dabba mai mita 10 da ɗan ƙari, daga wasu guntaye masu kauri kuma masu sha'awa sun fitar da wadda ta kere Giganotosaurus. Rami ɗaya ne, amma dabbar da ke fitowa daga cikinsa ta danganta da guntun da mutum ya zaɓa.

A nan na zauna a kan benci na tuna da Sue, wanda na taɓa gani a gidan tarihin Field da ke Shikago, domin shi ne ma'aunin da ake gwada kowa da shi. An gano shi a Dakota ta Kudu a 1990, kuma an sami kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa, don haka tsawonsa na mita 12.3 zuwa 12.4 ya fi kusa da awo fiye da kintace. Amma ko shi, da aka zo batun nauyi, bakin masana bai haɗu ba, domin babu wanda ya taɓa ɗora dainoso a kan sikeli. Hanya biyu ake bi. Ta farko a auna kaurin ƙashin cinya, tunda shi ke ɗaukar jiki, a kwatanta da na dabbobin da ke raye. Da irin wannan hanya aka taɓa ba Tyrannosaurus tan 4.5 a 1985. Ta biyu a gina jikin a kwamfuta, a lulluɓe ƙwarangwal da nama, a cire gurbin huhu da jakunkunan iska, a lissafa abin da ya rage. Da ita John Hutchinson da abokansa suka ba Sue tan 9.5 a 2011. Amma yawan naman da za a lafta wa cinya da gindin wutsiya hukuncin mai ginin ne. Ko tsayuwar Sue a zauren ta canja a 2018, lokacin da aka ƙara masa ƙasusuwan ciki da a da ba a saka ba, ya fito da tumbi ya ƙara cika ido, alhali ba a haƙo sabuwar dabba ba.

Shekara guda bayan haka aka sanar da cewa Scotty, wani Tyrannosaurus na Saskatchewan a Kanada, ya karɓe kambun da kilo 8,870. Da ma'auni ɗaya, Sue ya zo da kusan 8,460. Ratar kilo 400 ce, a hanyar da kuskurenta ke iya kaiwa rubu'in nauyin gaba ɗaya, wato tan biyu sama ko ƙasa. A harshen lissafi wannan kunnen doki ne, amma kunnen doki ba ya zama kanun labari. Abin da na ga ya fi tabbata, bayan duk wannan, shi ne cewa manyan masu cin naman nan, na Amurka ta Arewa da na Ajantina da na arewacin Afirka, ko da yake miliyoyin shekaru da tekuna sun raba su, duk sun taru ne a wuri ɗaya, tsakanin mita 12 zuwa 14 ko kusa da haka. Tyrannosaurus ya fi kauri da faɗin ƙirji, Spinosaurus ya fi tsawo, Giganotosaurus yana tsakani. A ganina wannan haɗuwa ta fi gasar ban sha'awa, domin tana nuna akwai iyakar da ƙafa biyu ke iya ɗauka ga dabbar da sai ta kama abincinta.

Adalci ya sa in ambaci ɗaya ɓangaren, domin ba duk babbar lamba ce labarin ƙanzon kurege ba. Wani bincike na 2021 ya ƙiyasta cewa Tyrannosaurus biliyan biyu da rabi ne suka rayu a tsawon zamaninsu, mu kuwa 'yan gommai muka haƙo, don haka da wuya a ce mafi girmansu yana cikin waɗanda suka faɗo hannunmu. A 2024 Jordan Mallon da David Hone suka gwada wannan a kwamfuta suka sami cewa ƙaton da ya fi kowa cikin jinsin zai iya kai tan 15 da mita 15. Na yarda da hankalin da ke ciki, amma su da kansu sun bayyana cewa hasashe ne a kan dabbar da ba a gani ba. Kuskuren yana zuwa ne idan aka ɗauki wannan dabba ta hasashe aka tsayar da ita kusa da ƙwarangwal ɗin El Chocón, wanda shi kaɗai ne ƙwarangwal ɗin jinsinsa da muke da shi kuma babu dalilin ɗaukarsa a matsayin ƙaton cikinsu, sannan a ce an yi gasa.

A motar komawa Neuquén na buɗe littafina na ja sabon layi daga sama zuwa ƙasa a gefen lambobin, na fara rubuta wa kowace lamba ƙashin da ta fito daga gare shi. A gaban 12.5 na rubuta ƙwarangwal, kashi 70 cikin 100. A gaban 13.2 na rubuta guntun muƙamuƙi, santimita 61. A gaban tan 13.8 na rubuta tsawon kai, wanda shi ma ƙiyasi ne, a gaban mita 18 ɗin saurayin nan kuma na rubuta hanci guda da jikin aro. Da na iso kan mita 14 da 'yan kai da na kwafo daga intanet, na juya shafukan gaba da baya ina neman inda na samo ta, na duba wayata har muka shigo cikin dogayen itatuwan da ke kare lambunan bakin kogi daga iska, ban sami ƙashin da zan rubuta ba, sai na bar gurbin yadda yake.